Maganin rashin nutsuwa na manya, da mu da su

Akwai wata mata da muke aiki tare anan Manchester, ta haura arba'in, kowa ya santa da mantuwa, ta kama wannan aikin ta sake ta kama wancan. Rannan muna shan shayi kawai tace likita ya gano tana da ADHD, wato matsalar rashin nutsuwa da kasa maida hankali, an ɗora ta akan wani magani Elvanse. A gaban oga ta faɗa fa, kuma ba wanda ya ko ɗaga kai. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Anan ba haka kawai ake miƙa maka ƙwayar ba. Sai likitan ƙwaƙwalwa ya zauna dakai ya bi tarihinka tun kana yaro, a auna hawan jini da bugun zuciya da nauyinka, sannan a fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa a hankali har a dace. Manya dai da ɗayan biyu ake fara musu, ko lisdexamfetamine wato Elvanse ɗin, ko methylphenidate da ake saidawa da sunan Concerta ko Ritalin. Akwai mai aiki awa uku zuwa huɗu, akwai wanda in ka sha da safe zai kaika yamma. In basu karɓe ka ba, ko zuciya ta hana, sai a koma atomoxetine, shi kuma sai yayi makonni kafin kaga aikinsa. Matar tace tunda ta fara abinci baya mata daɗi, bakinta na bushewa, in ta makara wajen sha bacci sai a hankali, amma yanzu tana iya karanta takarda har ƙarshe.

Ba wai nan aljanna bace. A NHS, wato asibitocin gwamnatin nan, mutum sai yayi shekaru akan layi kafin a duba shi, a 2023 ma maganin yankewa yayi mutane suka dinga zaga kemis. Kuma na san dalilin tsoronmu a gida, su Elvanse ɗin masu sa kuzari ne, duk wanda yaga abinda tiramol da kodin sukayi wa matasan Kano dole gabansa ya faɗi in yaji ance ƙwaya mai sa kuzari. Anan ɗin ma a kulle suke, ba takardar likita ba magani.

Amma ni dai nafi ganin nasu, gaskiya. Mu babban mutum in yana haka sunansa mashiririci, ko ace ba'a bige shi bane yana yaro, ko ace asiri akayi masa. Wa zai ɗauki ƙafa yaje asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa don yana mantuwa, a ganshi ace ya haukace a fasa bashi mata?

Ƙanina nake tunani. Shago uku aka buɗe masa duk sun rufe, ba shaye shaye ba caca, lissafi ne kawai baya zama a kansa. Ni ba likita bane, so nake kawai a duba shi. Dana faɗawa Yaya a waya cewa yayi, kai dai kaje ka kwaso cututtukan Turawa, ka turo kuɗin jari kawai. Maganar tamin zafi, don tunda na taho kuɗina ake saurara a gidan, shawarata kuwa ta zama ta baƙo. Su suke ci dashi suke rufa masa asiri, na sani, anan da tuni shi kaɗai ne a ɗaki. Na tura kuɗin, amma na gayawa Hajiya in nazo hutu da kaina zan kaishi asibiti, ko Yaya ya yarda ko bai yarda ba.