Gangare na 9 ba wurin gwada jarumta ba ne

Na ga bidiyon mutumin nan da ke kumfar baki, wai ya biya kuɗinsa a garin Livingstone na ƙasar Zambiya don a bi da shi kogin Zambezi a jirgin roba, amma da aka iso gangare na 9, cikin jerin wuraren da ruwan kogin ke gangarowa da hauka, sai matuƙi ya ce kowa ya sauka a taka da ƙafa. Wai an cuce shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda suka mara masa baya suna kiran matuƙin matsoraci.

Haba jama'a! Mutumin da ya riga ya tsallakar da kai gangare na 5 da na 7 lafiya, shi ne matsoraci?

Masu wannan harka sun raba haukan ruwa zuwa mataki 6. A kwazazzabon Batoka, ƙasa da magangarar Biktoriya, manyan gangaren na mataki na 5 ne, kuma ana binsu da baƙi tun bayan da aka fara ratsa wurin a 1981. Na 9 kuwa ya zarce nan. Ruwa ne ke faɗawa rami ya juyo da baya, ya riƙe jirgi yana murzawa. Wanda ya faɗa ciki, rigar da ke ɗaga shi sama ba ta fitar da shi, sai ruwan ya ga dama ya tofar. Na tsaya a kan baƙin dutsen gefensa, zafinsa na ratsa takalmina, ko muryar na kusa da ni ba na ji don ruri. Wallahi ban ji sha'awar komawa cikin jirgi ba.

Kada a ce min ai ƙwararru na wucewa a ƙaramin kwale-kwalen mutum ɗaya. Suna wucewa, bayan sun tsaya sun karanci ruwan, kuma ransu kaɗai suka ɗauka. Matuƙi rayukan mutanen da ranar suka fara riƙe filafili ke hannunsa. Kuɗinka bai sayi wannan amanar ba, malam.

Kuma a duk bidiyon ban ga ya nuna samarin da suka sungumi jirgin da kayansa suka haura kwazazzabon da yamma ba, hawan da baƙo ke yi hannu rabbana yana haki. Su nake tunani duk lokacin da aka tayar da maganar gina madatsar ruwa a Batoka, domin tana iya shanye gangaren da suke cin abinci da su.