Masu kukan San Siro, ku fara leƙa Titin Zariya tukuna

Tun da majalisar birnin Milan ta amince a sayar wa AC Milan da Inter filin San Siro a ƙarshen Satumban 2025, magana ɗaya nake ta ji tana yawo a gidajen kallon ƙwallo na Jos da teburin mai shayi har Facebook, wai an sayar da tarihi, wai masu kuɗi sun cinye ƙwallo, wai filin wasa ai na jama'a ne bai kamata hukuma ta sakar wa kulob shi ba. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni yin shiru. In ɗan Milan ne ya faɗe ta sai in yi masa uzuri, kakansa ya zauna a kujerun nan, ubansa ya kai shi yana yaro. Amma mutumin Jos? Haba jama'a, mu da muka fi kowa sanin abin da filin gwamnati yake jawo wa kulob?

Labarin kowa ya ji shi, ƙuri'a 24 da 20 aka yi, kuɗin kuma Yuro miliyan 197, za su gina sabo mai cin mutum 71,500 a gefensa sannan a rushe mafi yawan tsohon. Abin da masu kukan ba sa faɗa shi ne, AC Milan ce ta gina filin nan a 1926, ta sayar wa hukumar birni a 1935, Inter ta shigo a 1947, tun daga lokacin kuma 'yan haya ne su duka biyun. Kulob biyu masu kofin zakarun Turai 10 a tsakaninsu, shekara 90 ana biyan haya. Duk wanda ya taɓa zaman haya a Gangare ko Anguwar Rogo ya san yadda abin yake, kwano na yoyo da damina ka tara bokiti, ka yi wa mai gida magana ya ce sai ƙarshen wata, ka ce to bari ka gyara da kuɗinka ya ce kar ka kuskura ka taɓa masa gini, in kuma ka gyara ɗin gobe ya ƙara maka kuɗin haya tunda ɗaki ya yi kyau. Haka Milan da Inter suke tun 2019 suna neman a bar su su gina nasu, ana ta kai su ana kawo su, sai da Milan ta fara shirin komawa San Donato, Inter ta fara duba Rozzano, duka a wajen birnin, sannan hankalin hukuma ya dawo jikinta. A tsakiyar wannan jan ƙafar ne hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ƙwace wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ta 2027 daga San Siro a 2024, don hukumar birnin ta kasa ba da tabbacin halin da filin zai kasance a lokacin. Wannan shi ne tarihin da ake cewa a riƙe?

Ku duba Juventus mana. Ta rushe Delle Alpi da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 1990, ta gina nata na kanta wanda bai fi cin mutum dubu 41 da ɗoriya ba, ta shiga a 2011, daga nan ta ɗauki Serie A sau 9 a jere. Ban ce bulo da siminti ne suka ci ƙwallayen ba, amma kuɗin tikiti da na shaguna da na talla duk aljihunta suke shiga, da su ake sayen 'yan wasa. Kuma da yawa daga masu wannan kukan 'yan Arsenal ne fa, kulob ɗin da ya bar Highbury a 2006 aka mai da wurin gidajen zama, yau ba wanda yake cewa a koma.

To mu dawo gida, don wallahi nan ne abin yake ci mini rai.

Garin nan ne ya ba Najeriya zakaran lig na farko, Mighty Jets a 1972. Garin nan ne ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, har Obinna Nsofor da ya taso daga Plateau United ya je ya sa rigar Inter ɗin a San Siro ɗin da ake wa kuka. A 2017 Plateau United ta ɗauki kofin lig a hannun Kennedy Boboye, gari ya ɗauka, wanda ya shiga Farin Gada ranar ya san me nake faɗa. Shekara na zagayowa aka haɗa mu da Etoile du Sahel ta Tunisiya a gasar zakarun Afirka, ina aka buga wasanmu na gida? Kano. A 2022 muka doke Esperance ta Tunisiya 2-1, Esperance fa, ina aka buga? Abuja, a filin Moshood Abiola mai cin mutum dubu 60, inda muryar 'yan tsirarun da suka iya kuɗin mota take ɓacewa a cikin kujerun da ba kowa. Ƙwallo ɗayar nan da suka ci mu ita ta fitar da mu bayan sun yi mana 1-0 a gidansu, saboda dokar fifita ƙwallon da aka ci a waje. Ni dai har gobe ina ganin da a Jos aka buga wasan nan, cikin sanyin nan namu da iskar tudu da ke sa baƙo haki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, ga jama'a cike maƙil suna ihu a kansu, da wata maganar ake yi ba wannan ba.

Kuma ba kulob ne kaɗai yake asara ba. Ranar wasa a filin Plateau United da ke Titin Zariya tun azahar za ka ga mai rake ya jera, mai gyaɗa, mai tsire ya hura wuta, yara masu fiya wata, 'yan keke suna ta jigila daga Terminus, ga mai sayar da riguna ya rataye su a jikin waya. Duk wasan da aka ɗauke aka kai wani gari, abincin waɗannan mutanen aka ɗauke. Sannan a garin da kowa ya san irin rabuwar da unguwanni suka yi tun rikicin 2001, ku nuna min wani wuri bayan kasuwa da yaron Bauchi Road da yaron Tudun Wada za su zauna kafaɗa da kafaɗa su rungume juna in an ci ƙwallo ba wanda ya tambayi wani sunansa. Wannan bai isa a ɗauki filin da muhimmanci ba?

Filin Titin Zariyan nan tun ƙarshen shekarun 1980 zamanin soja aka fara shi, aka shafe sama da shekara 30 ana aiki, gwamna ya zo ya ɗan taɓa ya tafi, wani ya zo ya kawo nasa ɗan kwangilar. Za a ce min ai Plateau United ta gwamnati ce filin ma na gwamnati ne to ina rigimar, ai rigimar ke nan! Abu na gwamnati a ƙasar nan ba mai shi, kulob ba ya iya canja ko fitila sai an rubuta takarda ta hau ta sauko, kuma ranar da 'yan siyasa suka so taro kowa ya san yadda ake yi da filayenmu, a kafa rumfuna a jera kujeru a kan ciyawa, manyan motoci su shigo har tsakiya, koci da yaransa su nemi wani wurin atisaye. Ba mu kaɗai ba ne. Kano Pillars sai da ta koma Kaduna da wasa lokacin da aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu korona, larura ce na yarda, amma kulob ɗin ba shi da ta cewa ko kaɗan. Lobi Stars maƙwabtanmu suka yi ta gararamba tsakanin Lafiya da Bauchi ana jiran gyaran filinsu na Aper Aku, a 2025 suka faɗa rukuni na biyu. A 2025 ɗin dai Remo Stars ta ɗauki kofin lig, kulob ɗin Kunle Soname mai ɗan ƙaramin filinsa na kansa a Ikenne, garin da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba sai dalilin ƙwallo. Mai ido ya gani.

Masu cewa in aka ba kulob fili tikiti zai fi ƙarfin talaka, su fara lissafa kuɗin motar Jos zuwa Abuja da dawowa sannan mu yi magana.

Ni ban ce a ɗauki filin a sayar wa wani mai kuɗi ko ɗan uwan wani babba ba, wannan wata ɓarnar ce daban. Cewa nake a damƙa wa kulob ɗin filin a rubuce na shekaru masu yawa, majalisar jiha ta sa hannu yadda gwamnan gobe ba zai tashi da safe ya warware ba, kuɗin ƙofa da na shaguna su shiga asusun kulob a riƙa bayyana su, mai son taron siyasa ko na addini ya biya ya kuma ajiye kuɗin gyara kafin ya kafa rumfa ko ɗaya. A samu mutum ɗaya da za a iya kama wa wuya in jami'an hukumar ƙwallon Afirka CAF suka zo duba fili suka girgiza kai. Mighty Jets ma a yi mata irin wannan a filin Rwang Pam, ba laifi ba ne gari ya riƙe kulob biyu kowa da gidansa.

Su kuma ƙungiyoyin magoya baya da ke da bakin zuwa gidan rediyo duk mako su yi ta faɗa a kan koci da alƙalin wasa, don Allah ko sau ɗaya ku tambayi kwamishinan wasanni a bainar jama'a, in Plateau United ta sake samun tikitin Afirka, a wane gari za ta karɓi baƙinta, kuma wa zai sa hannu a kan amsar.