Ni da tsohuwar kwamfutata

Wai ni don Allah wane laifi na yi wa wannan kwamfutar? Ka danna mata makunni, ka je ka yi alwala, ka yi sallah, ka sha koko, ka dawo ka tarar tana nan tana juya ɗan zoben nan nata! Ka buɗe Chrome, fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe. Me ban yi mata ba? Na goge hotunan biki, na kashe manhajojin da ke tashi tare da ita, na hure ƙurar harmattan da ta toshe mata hanci har na yi tari. Mai gyara ya leƙa ya ce, "Alhaji, RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, 4GB ne kacal, kuma faifan ajiyar mai juyawa ne, sai ka sa SSD, wato ma'ajiya ta zamani mai sauri." Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi kujera. Windows 11 kuwa, sabuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta ce ba ta san da zamanmu ba, ga Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 da muke kai tun Oktoban 2025. Jiya ta gama buɗewa ke nan, na ɗora yatsa a kan madannai, aka ɗauke wuta!