Biranen mafaka a Amurka ba su hana kamen baƙin haure

Mutane da dama suna ɗauka cewa duk birnin da ya ayyana kansa mafakar baƙi, kamar Los Angeles ko Chicago, jami'an ICE, hukumar shige da fice ta gwamnatin tarayya, ba su da ikon kai samame cikinsa. Sunan ne ke jawo wannan zato, amma lamarin ba haka yake ba.

Harkar shige da fice a hannun gwamnatin tarayya take, babu gwamna ko magajin gari da zai hana jami'anta aiki, kamar yadda samamen Los Angeles na watan Yunin 2025 ya nuna. Iyakar ikon tarayyar ita ce ba za ta tilasta wa 'yan sandan jiha su yi mata aikinta ba, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1997 a shari'ar Printz. A kan wannan ne biranen mafaka ke dogara wajen taƙaita taimakon da 'yan sandansu ke bai wa ICE.

Misali, idan aka kama baƙo kan ƙaramin laifi a Kalifoniya, dokar jihar ta 2017 ta hana a ci gaba da tsare shi don kawai ICE ta roƙa, sai a sallame shi idan lokacinsa ya yi. Amma jami'an tarayya na iya tsayawa a bakin ƙofar gidan yarin su kama shi da kansu.