Akuyata da Turancin Kofa

Wata Talata da hantsi aka nemi akuyata aka rasa. Irin jajayen nan namu na Sakkwato ce, waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai, ga ta da tsohon ciki. Na zagaye Mabera lungu-lungu, ko kashinta ban gani ba.

Akwai wani ɗan bautar ƙasa, wato Kofa, daga kudu da ke haya a maƙwabtanmu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Na ja ɗan yayata muka je, ɗan aji biyar na sakandare mai ji da Turanci kamar gadon gidansu. Kofa ya saurara, ya ce: "I saw it the other day at Kara. One man was dragging it."

"Mi yac ce?"

"Kawu, ɗazun ga yag gane ta Kara, wani na jan ta!"

Ko hula ban ɗauka ba, muka haye kabu-kabu mu biyu cikin ranar Afrilu. Matsalar Kara ita ce kowace akuya ja ce. Na hango wata mai ciki, na damƙe igiyarta ina salati. Dillalin ya ce, "Malam, lahiya?" Kafin in gama bayani mahauta sun kewaye mu, wani har da wuƙarsa a hannu. Sai da wani dattijo ya shaide ni, na kuma saya wa dillalin fura, sannan aka sake ni.

Da muka dawo, Kofa ya riƙe baki. Da taimakon wani malamin firamare ya warware mana: "the other day" kwanakin baya ne, ranar da ba a ƙayyade ba, amma ba da nisa ba. Da ɗazu yake nufi, da "just now" zai ce, ko "earlier today".

To wace rana ce? Juma'ar da ta wuce. Mutumin fa? Gajere, mai tumbi, yana ta zagin akuyar.

Malamin ya dube ni, ya dubi tumbina. Ni ne na kai ta ranar a yi mata kuɗi, tayin bai yi mini ba na dawo da abata.

Da la'asar aka same ta a bayan ɗakin Kofan, ta haifi biyu, ta kuma cinye rabin takardun jarrabawar ɗalibansa. Yanzu shi ke bi na bashi. Ɗan yayata kuwa ya ce lafazin mutanen kudu ne ba ya fita.