Kowa da Dodonsa

Jiya da daddare na sake ɗauko The Hobbit, littafin marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, tsohon kwafina da bangonsa ya ɗaye. Ina isa wurin da Bilbo, jarumin labarin, ya ɓace a ƙarƙashin dutse ya ci karo da wata halitta mai suna Gollum a bakin tafki, sai na rufe littafin, raina a jagule. Wallahi na nemi Gollum ɗin da na gani da idon zuci ina ɗan sakandare, na rasa. Na finafinan Peter Jackson kaɗai ke faɗo mini a rai. An yi mini ƙwace, ban ma san ranar da aka yi ba.

Lokacin da littafin ya fito a 1937, Tolkien bai faɗi girman Gollum ba. Duhu ya ba mu, da ruwan sanyi, da ɗan kwalekwale, da idanu biyu masu ƙyalli. Shi da kansa ya yi wa littafin zane: tsaunuka, daji, har da Smaug, ƙaton macijin nan mai fukafukai, kwance a kan tarin zinariya. Gollum kuwa ya bar shi a duhunsa. A 1962 Tove Jansson, 'yar Finland, ta yi zanen bugun Sweden, ta fito da Gollum ƙato, Bilbo a gabansa kamar ɗan tsako. A bugun 1966 sai ga Tolkien ya ƙara bayanin cewa halittar ƙarama ce.

Wasu na cewa matar ta yi kuskure. Ni ban yarda ba ko kaɗan. Karatu ta yi. Marubuci ya bar gurbi, ta zuba nata tsoron a ciki, kuma aikin mai karatu ke nan.

Mu da muka tashi da tatsuniya ai mun san wannan. Kakata, Allah ya jiƙanta, da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba ta taɓa tsayawa siffanta Dodo ba. Murya kawai take kaurarawa, fitilar ƙwai na rawa a jikin bango, mu takure a tabarma. Nawa Dodon gashinsa har ƙasa, na ƙanwata baki ne kawai da haƙora. Daren ɗaya, ɗaki ɗaya.

Ba zane nake ƙi ba, ina son sa ƙwarai. Roƙona ga masu yi wa tatsuniyoyinmu zane shi ne, don Allah ku zana rijiyar, ku zana kukar, ku zana yarinyar da tulunta a ka. Dodo kuwa, inuwarsa ta isa.

Ɗana mai shekara 9 yana tsakiyar littafin yanzu, kuma na hana shi kallon fim ɗin sai ya gama. Shekaranjiya na miƙa masa fensir na ce ya zana mini Gollum. Ya cika takardar da baƙi, ya bar ɗigo biyu farare a gefen hagu. Na lanƙwasa ta na saka a cikin littafin, daidai babi na biyar.