Ku bar Kaka ta kwanta, ba ku san ta ba

Wallahi wasunku ba su da ta ido. Ƙasar kabarin tsohuwar nan ba ta bushe ba, har kun zare takubba a ƙarƙashin hotonta da yaron nan ya sa a Facebook, don kawai ita Kirista ce. Me ya rubuta? "Kakarmu ta Yelwa ta rasu, Allah ya ba iyalanta haƙuri." Iyakarta ke nan fa. Amma kafin la'asar wani ya ce a goge, wani ya ce yaro ya sake kalmar shahada, wani kuma daga can wata uwa duniya, wanda ko a taswira ba zai iya nuna garinmu Garwa na Kamaru ba, ya yanke hukunci wai duk maƙwabtan da suka je gaisuwa su tuba. Sannunku da aiki, malaman waya. Allah ya ƙara caji.

Ba ku san ta ba. Maganata ke nan, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji.

Matar nan ta haura casa'in. Ba ta da takardar haihuwa, ita dai ta ce an haife ta a ƙauyensu wajen Kayele a shekarun da fara ta cinye dawa, wato farkon shekarun 1930. 'Yar ƙabilar Mundang ce, kuma a cikin addinin Kirista ta buɗe ido, domin tun shekarun 1920 'yan mishan na Lutheran daga Amurka suka zauna a yankin Lere da Yagwa. Ta zo Garwa tana amarya tun Faransawa na mulki, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su sauke gishiri da siminti, su kwashi gyaɗa da auduga. Tana da goyo aka ba Kamaru 'yanci a 1960. Ta ga hawan shugaban ƙasa Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, ta ga saukarsa a 1982. Ta ga Sinawa sun tare kogi a Lagdo. Da Paparoma ya zo Garwa a 1985, ita da ba 'yar Katolika ba ta ɗaura ɗankwali ta taka da ƙafa ta je kallo, ta dawo tana cewa rana ta gasa bawan Allah. Ta ga karyewar sefa a 1994, ta ga ambaliyar 2012, ta ga lokacin da bama-baman Marwa na 2015 suka sa ake laluba mutane a ƙofar coci da ta masallaci. Duk wannan ta gani tana zaune a gida ɗaya, tsakiyar Musulmi, ba a taɓa kai ta gaban mai unguwa kan rigimar addini ba ko sau ɗaya. Kai da aka saya wa waya bara, kai ne za ka koya mana yadda za mu yi sallama da ita?

Ungozoma ce, ga wanda bai sani ba. A ɗakin shan magani na mishan ta koyi aikin, kuma kafin asibitin haihuwa ya wadata, ƙofarta ake bugawa da tsakar dare. Tana da wata 'yar jakar fata da ta sha jiki, a ciki akwai sabuwar reza a takardarta, da zare, da sabulu, da almakashin da take tafasawa a gaban kowa, don ba ta yarda da "ai mun wanke" ba. Da ta yanke cibiya ta goge jariri, in gidan Musulmi ne sai ta naɗe shi a zane ta leƙa zaure ta ce, "Malam, zo ka yi masa kiran sallarku a kunne, ni na gama nawa." Haka take faɗa, kiran sallarku. Ba ta taɓa raɗa wa ɗan kowa wani abu nata ba. Ku je Yelwa da Hausare ku tambayi iyayenku mata wa ya karɓi haihuwarku. Ina tabbatar muku, cikin masu zagin nan akwai wanda hannun farko da ya taɓa shi a duniya nata ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na san abin da za ku ce. Ba a nema wa wanda ba Musulmi ba gafara. To, wa ya nema? Wa ya ce ku yi mata salla? Ku koma ku karanta abin da yaron ya rubuta, in dai kuna karatu kafin ku yi sharhi. Haƙuri ya roƙa wa masu rai. Fastonsu ya yi nasa, matan zumunta sun yi waƙoƙinsu har muryoyi suka dushe, mu kuma muka zauna a tabarma a waje muka ce wa 'ya'yanta sannu da rashi. Kowa ya tsaya a iyakarsa, ba wanda ya tsallaka. Ashe ba a cikin Buhari da Muslim ba ne aka ruwaito cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Ba a ruwaito ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima yana jinya ba? Aya ta 8 a Suratul Mumtahana fa, wadda ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, ba su fitar da ku daga gidajenku ba? Ko wannan shafin bai sauka a wayarku ba? Ni ba malami ba ne, amma malaman unguwarmu masu furfura sun je gaisuwar, kuma sun riga ku buɗe littafi.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu son gyara mata tarihi. "Ai da ganin halinta ta musulunta a ɓoye." Don Allah ku daina. Kirista ce har ɓargo, kuma ba ta ɓoye ba. Littafinta Mai Tsarki na Fulatanci yana naɗe a cikin ƙyallen atamfa, gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yatsa, tabaraunta kuma ƙafa ɗaya da zare aka ɗaure. Asuba ta fari, muna alwala muna jin ta ta katanga tana addu'a, tana jero sunayen 'ya'ya da jikoki, har da namu a ciki. Ranar Lahadi ko zafin watan Afrilu zai narkar da kwalta sai ta je coci, da ƙafa ta gaza jikanta ya riƙa ɗaukar ta a mashin. In kun ce sai ta zama taku sannan kirkinta zai yi daraja, to ku ma ba ku san ta ba, kun dai fi na farko iya murmushi.

Kuma ba waliyyiya nake zana muku ba. Faɗa gare ta kamar me. In ta kama yaro a kan mangwaronta, tsintsiya ce ke magana, sannan ta raka shi har gida ta ƙara wa uwarsa. Amma da azumi kunun gyaɗarta na riga na kowa isa zauren masallaci, kuma ba ta soya komai a tsakar gida sai an sha ruwa, wai kada ƙamshi ya wahalar da yara. Da Kirsimeti kuwa liman take aika wa ya zo ya yanka akuyar, don kowa ya ci ba tare da tambaya ba. Shekara da shekaru haka. Ni dai na yi kuka ranar, ban kuma nemi izinin kowa ba. Yaron da kuka tsorata har ya goge hoton, ɗana, ka mayar da shi. Wanda abin ya dama ya zo Yelwa ya same ni, ba a Facebook ba.

Tun da maganar ta zo, masu zaman makoki: kujerun roban da aka aro daga makarantar Islamiyya ba su dawo daidai ba, kuma babbar tukunyar gidan liman har yanzu ba a gan ta ba. Akwai suna ranar Asabar. Wanda ya san ya ɗora su a amalanke ya dawo da su kafin na fara kiran suna. Sannan kwatar da ke bakin layin nan, wadda ta sa masu ɗauke da akwatin gawa suka yi zagaye, wai sai ta ci mutum za a rufe ta?